Wuƙar Baba a Tsakiyar Marka

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, washegarin sadakar arba'in ɗin mahaifina, a shekarar da babbar Sallah ta faɗo tsakiyar marka, ni kuma ina ajin ƙarshe na firamare. An kwana ana ruwa, zauren gidanmu yana ta warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, dattawa sun jeru a kan tabarmi domin rabon gado. In ban da gonaki da 'yan tumaki, duk abin da Baba ya bari an tara shi a tsakiyar zaure: garmarsa da fartanyarsa, buzun sallarsa, gafakar Alƙur'ani, rigunan Juma'a, da tsohon kekensa da aka jingine a bakin ƙofa. Can sai ƙanensa, Baffa Ɗanjuma, ya miƙa hannu ya ɗauko wuƙar yanka a cikin kubenta na jar fata. Ya ja, ta ƙi fitowa. Ya sake ja da ƙarfi har kuben ya yi ƙara, sannan ta fito. Wuƙar da na saba ganin fuskata a jikinta ta yi ja da tsatsa tun daga tsini har gindin mariƙi, kamar an yayyafa mata garin barkono. Baffa ya juya ta gaba da baya, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan ba ta zaman gidan da babu babba. Zan tafi da ita Ɗambatta, in yaro ya girma ya karɓa."

Ya kamata in faɗi matsayin wannan wuƙa a wurinmu, domin wanda bai sani ba zai ɗauka ƙarfe ne kawai. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗambatta, a yankin da gidaje da gonaki suka sarƙe da juna har mutum ba ya gane inda wannan unguwa ta ƙare waccan ta fara. Baba manomi ne, kuma shi ne na'ibin liman, saboda haka shi ke yi wa unguwa yanka: ragon suna, ragon layya, da akuyar da ta kwanta ake gudun ta mutu mushe. Kakanmu ne ya sa aka ƙera wuƙar daga sifirin babbar mota, doguwa ce, mai nauyi a gindi da laushi a baki. Baba yakan ɓoye ta a bayansa har sai an kwantar da dabba an fuskantar da ita gabas, kuma ban taɓa ganin ya maimaita jan hannu ba. Yakan ce mana, "Dabba ba ta yi maka laifin komai ba, kada ka sa ta jira." Shi kuwa Baffa Ɗanjuma a kwata yake, shi ke yanka wa mahauta ranar kasuwa da sauran ranaku, kuma na san wuƙaƙensa tun ina zuwa hutu gidansa. Kullum asuba sai an wasa su a dutse, har su sirance su koma kamar tsinken tsire, a jefar a sayo wasu. Ba mugunta ce ta sa zai ɗauka ba, aikinsa ke nan. Amma na san kafin in girma babu abin da zai rage sai mariƙi.

A garinmu yaro ba ya sa baki a zaman manya, balle a zaman gado. Ina tsugune a bakin ƙofa domin aike, sai na ji muryata ta fito tun ban gama shawara da zuciyata ba: "Baffa, a bar mini ita." Wani dattijo ya daka mini tsawa, wani ya yi dariya. Liman ne ya ɗaga hannu, ya ce a shari'a wuƙar ta marayu ce, abin da ake magana a kai ajiya ce kawai, kuma ajiya tana wurin wanda zai iya riƙe ta. Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗora wuƙar a kan tabarma ya turo ta gabana da yatsa. "Isuhu," in ji shi, "jajibirin Sallah zan zo. In na ga ɗigon tsatsa ko ɗaya, ko na ji warin abin da ba ya shiga cikin mutum, a jakata za ta kwana." Har yau ina tambayar kaina ko jarumta ce ta sa na yi magana a ranar ko taurin kai, kuma ban sami amsar da ta gamsar da ni ba. Abin da na sani shi ne saura kusan wata guda Sallah, kuma watan ne ruwa ba ya ɗaukewa.

Cire tsatsar shi ne mai sauƙi, ko da yake a lokacin ban ga sauƙinsa ba. Muna cikin maimai, kuma tunda Baba ba ya nan, gonar bayan gida ta koma hannuna da na Inna, ita kuma tana takaba ba ta fita. Da safe makaranta, da rana gona, da la'asar yankan ciyawar tumaki, sai gab da magariba in zauna a gindin darbejiyar tsakar gida da tokar murhu, da yashi mai laushi da na tankaɗe, da ɓarin lemon tsami, in yi ta gogewa har yatsuna su yi kanta. A hankali jan ya tafi, farin ƙarfe ya dawo, sai wasu baƙaƙen ɗigo da tsatsar ta riga ta haƙa waɗanda suka ƙi fita. Na mayar da ita kube na rataye a ɗakin Baba ina jin na gama. Bayan kwana biyu na zaro ta, sai na ga wani ja-ja mai kama da hoda ya fara kwanciya a bakinta. Ranar na gane cewa goge wuƙa daban, tsare ta daban, kuma tsaron sai da mai. To, wane mai?

Na tambayi Inna abin da Baba yake shafa mata. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma kallon idona in tana magana. Tana tsince shinkafa a faifai ta ce, "Kai wannan, Malam bai taɓa sa ni a sha'anin wuƙarsa ba." Malam take ce wa Baba. Daga nan labari ya zaga unguwa, kowa ya zama masani. Gwaggo Asabe mai ƙuli-ƙuli ta ce ai babu kamar man gyaɗa, har ta aiko mini da shi a murfin kwalba. Ɗan'azumi mai injin niƙa ya ce in bar shirmen mata, baƙin mai shi ne maganin ƙarfe, in duba ƙarafan injinsa da ake shafa wa ko sun taɓa tsatsa. Telan bakin masallaci ya ce man keken ɗinki ne kaɗai ya dace da abu mai daraja. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce su da man shanu suke shafe komai, har sandunansu. Wata tsohuwa ta ce manja. Kowa yana magana da tabbaci, ni kuwa wuƙa ɗaya gare ni, kuma ba ni da damar in gwada ra'ayin kowa a jikinta in ya ɓaci in ce a yi haƙuri.

Mafita daga makaranta ta zo. Malam Garba, mai koya mana kimiyya a ajin da rabin rufinsa ke yoyo, ya taɓa jefa ƙusa a kwalbar ruwa, ya ajiye wata a busasshen wuri, ya ce mu riƙa dubawa. Da ta ruwan ta yi ja, sai ya ce tsatsa tana buƙatar abu biyu, danshi da iska, duk wanda ya raba ƙarfe da su ya gama da ita. A lokacin dariya muka yi, domin wa bai san ƙusa tana tsatsa ba? Amma a wannan watan darasin ya dawo mini da wata fuska. In ba zan iya gwaji a jikin wuƙa ba, zan iya yi a jikin danginta. Na tafi maƙera wurin Audu Maƙeri, wanda mahaifinsa ne ya ƙera wuƙar tun farko, na roƙe shi gutsattsarin sifiri. Ya ce ba ya kyauta, sai in yi masa zuga. Na yi yammaci uku ko huɗu ina danna zuga-zugi, hayaƙin gawayi yana shiga idona, shi kuma yana tsokanata wai ɗan boko ya dawo hanya. A ƙarshe ya zubo mini 'yan ƙarafa masu faɗin yatsa biyu a aljihu.

Na goge kowanne da yashi da toka har ya yi fari kamar wuƙar, na shafa wa kowanne mai irin nasa, na ɗaura masa zare mai launi dabam don kada in rikice, na bar ɗaya babu komai. Sannan na jera su a gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa ko da rani, na kifa tsohon kwando a kai saboda kaji. Ƙanwata Kulu, wadda ba ta fara makaranta ba tukuna, ita na naɗa mai gadi, kuma ta riƙe aikin da muhimmanci har ta hana Inna ɗiban ruwa sai da izininta. Ita kuwa wuƙar, kafin in sami amsa, safe da yamma nake zaro ta in goge da busasshen tsumma. A makaranta aka sa mini suna Sarkin Maƙera. In an fita tara ana wasan langa ko ƙwallon tsumma, ni hankalina yana gindin randa, har wata rana aka ture ni a langa na faɗa cikin taɓo ban ma ga wanda ya zo ba. Abokina Sabo ya ce, "Wai kai wuƙar nan za ta zana maka jarrabawa ne?" Ni ma tambayar tana damuna. Jarrabawar shiga sakandare tana tafe, kuma Baba ya fi kowa son in ci.

Ƙarafan suka fara ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda babu mai a jikinsa shi ya fara ja, kamar yadda na zata. Na man shanu ya bi bayansa, domin ɗanyen mai ne da sauran ruwan nono a ciki, ya yi fumfuna, tsatsa ta tsiro a ƙarƙashinsa, ga ƙarni. Na manja ya ba ni wahalar da ban yi tsammani ba: man ja ne, tsatsa ja ce, in na duba ban san wanda nake gani ba, kuma na ga cewa man da zai ɓoye mini abokin gaba ba shi da amfani a gare ni ko da yana aiki. Na man gyaɗa ya yi kyau a farko har na fara murna, sai kiyashi suka gano shi suka yi masa layi, ƙura ta manne, ya yi danƙo kamar ƙaro, warinsa ya juya. Biyu ne suka tsaya fes babu ko ɗigo: na baƙin mai da na man keken ɗinki. Na tuna sharaɗin Baffa na biyu, sai na wanke su da ruwa, na yanka yalo da gefen kowanne na miƙa wa Kulu ban gaya mata komai ba. Na farko ta tofar tana kuka. Na biyu ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce, "Yaya, wannan yalon ya sha kananzir." Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce in na sake ba 'yarta abin injin niƙa, ita da kanta za ta aika wa Baffa wuƙar. Ta ƙara da cewa abin da zai bi wuyan ragon layya ya shiga tukunyar mutane ba a kusantar da shi da ƙazanta.

Haka na tsaya a tsakiya: man da ake ci yana lalacewa, wanda ba ya lalacewa ba a ci. Gero ya yi bununi, an ga watan Sallah, ruwa kuma bai fasa ba. Na yi tunanin in shafa man keke, in wanke da sabulu ana gobe Baffa zai zo, amma na san hancin mutumin da ya shekara da shekaru a kwata, kuma ko da na tsallake hancinsa, na san ba haka Baba yake yi ba. Ban yi niyyar sallamawa ba, sai dai ban san inda zan sa ƙafa ba.

Ana cikin haka tsabar da aka fitar tun Baba yana da rai ta ƙare, Inna ta ce in shiga rumbu in fito da dami. Rumbunmu na ƙasa ne, mai murfin jinka, kuma Baba bai taɓa barin kowa ya shiga ba, shi ke hawa shi ke sauka. Na kafa tsani, na ture murfin, na zura ƙafa na dira. A waje komai a jiƙe yake, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ba ta kamawa, amma a cikin rumbun iska busasshiya ce mai ɗumi da ƙamshin tsohon gero, har maƙogwarona ya bushe. Hatsin ya yi ƙasa sosai, saura 'yan dammai a gindi. Ina laluben inda zan kama in ɗaga dami, sai hannuna ya taɓa wani abu mai laushi da aka cusa tsakanin bango da itacen da ake takawa. Tsumma ne na farin saƙi, ya koma ruwan ƙasa, a naɗe, kuma naɗin ya riƙe siffar abin da ya saba kwana a cikinsa: dogo, mai faɗi a gindi, mai tsini a kai. Na kai shi hancina. Ban san sunan warin nan take ba, amma na san shi, domin warin hannun Baba ne da damina, in ya dafa kaina bayan sallar asuba. Sai na tuna cewa in aka zo kiransa yanka a lokacin ruwa, yakan ce a jira shi, ya zaga bayan rumbu, mu kuwa mu ɗauka hatsi yake dubawa.

Na fito da tsumman na manta da damin. Inna ta karɓa, ta shinshina. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin gwangwaninta na man kaɗanya, wanda muke kira man kaɗe, wanda take shafa wa kaushi da kan Kulu da ƙirjinmu in muna mura. Ta buɗe, ta shinshina shi, ta sake shinshina tsumman. "Ashe Malam ne!" in ji ta. "Kowace damina man nan sai ya ragu, na yi ta yi muku faɗa, har na taɓa dukan wannan yaron a kai, shi kuwa yana zaune a buzunsa yana jan carbi bai ce uffan ba!" Sai ta fashe da dariya, dariyar da ba mu ji ba tun ranar da aka fita da Baba, ta yi ta yi har ta zauna a turmi, har dariyar ta juye ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni da Kulu muka tsaya muna kallonta. Babu wanda ya ambaci man kaɗe cikin masu ba ni shawara, domin a wurinmu kayan mata ne da jarirai, ba wanda zai haɗa shi da ƙarfe. Da ta share ido ta miƙo mini gwangwanin gaba ɗaya.

Duk da haka ban shafa wa wuƙar a ranar ba. Na riga na saba da rashin yarda da abin da ban gwada ba, ko da daga Baba ya fito, kuma tsumman ya gaya mini man ne kawai, bai gaya mini yadda ake yi ba. Na sake goge ƙarafan. Wanda na lafta wa man da sanyinsa ya yi dabbare-dabbare, danshi ya sami hanya ta tsakanin. Sai na narkar da man a murfin tukunya, na ga yana 'yan tafasa yana tartsatsi, na bar shi har ya yi shiru, alamar ruwan da ke cikinsa ya fita, na tace da ƙyalle. Na ɗumama ƙarfen a gefen murhu har ya bushe sarai, na shafa kaɗan, na goge har sai da ya zama kamar ban shafa ba. Wannan ya zauna a gindin randa bai canza ba, kiyashi suka shinshina suka wuce, Kulu ta ci yalonta ta nemi ƙari. Na jefa wani irinsa a cikin kuben na rataye a bango, bayan 'yan kwanaki ya fito da duhu a gefe. Nan na fahimci abin da ya faru tun farko. Baba ya rasu a ƙarshen azumi, ruwa bai zauna ba, wuƙar tana kubenta kamar yadda take zama da rani. Al'adarmu kuwa ba a taɓa kayan mamaci sai ranar rabo. Damina ta sauka, fatar ta sha laima ta riƙe, wuƙar ta kwana arba'in a cikin jiƙaƙƙen gida, kowa yana wucewa ta gabanta cikin girmamawa. Na yi mata yadda na koya, na naɗe ta a tsumman Baba, na mayar da ita inda na same shi.

Baffa ya sauka daga ƙaramar bas ranar jajibiri da azahar, yana jan rago, jakarsa ta fata a kafaɗa. Bai ko sha ruwa ba ya zauna a zaure ya ce a kira liman, sannan ya ce in kawo. Da ya ga na nufi rumbu maimakon ɗakin Baba sai ya bi ni da ido. Na kawo ta a naɗe na durƙusa na miƙa. Ya warware tsumman a hankali, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya duba baki, ya duba baya, ya duba gindin mariƙi inda tsatsa ke son ɓuya, ya ja farcensa a kan kaifin. Ya nuna baƙaƙen ɗigon nan ya ce, "Waɗannan fa?" Na ce, "Na ranar rabon gado ne, Baffa, ba nawa ba ne." Liman ya yi murmushi a cikin gemunsa. Sai Baffa ya kai wuƙar hancinsa. Ya daɗe a haka fiye da yadda shinshinawa take buƙata, sannan ya juya fuskarsa wajen bango yana gyara hular da ba ta karkace ba. Da ya juyo, muryarsa ta yi ƙasa. "Babanmu ma haka yake yi," in ji shi. "Ni wuƙata ba ta kwana biyu ba aiki, shi ya sa na manta." Ya naɗe ta da kansa, bai ko kalli jakarsa ba, ya miƙo mini ya ce, "Mayar da ita inda ta kwana jiya."

Washegari bayan an sauko daga Idi, maƙwabta suka jawo ragunansu ƙofar gidanmu kamar kowace shekara, wasu suna jan ƙafa don ba su san ko za a yi ba. Na wanke wuƙar da ruwan zafi, Baffa ya ɗan shafa ta a dutse, ya ɓoye ta a bayansa kamar yadda yayansa yake yi, ya yi bisimilla, kuma bai maimaita jan hannu ba ko sau ɗaya. Da aka gama na ƙarshe, bai ba wani babba ba, ni ya miƙa wa ta mariƙi, ya ce in wanke in busar tun jinin bai kama ba. Haka ya riƙa zuwa kowace Sallah yana yanka da ita yana barin ta, har shekarar da ya ce hannuna ya isa.

Yanzu shekaruna hamsin, ina zaune a Kano, na yi jami'a, na san sunayen abubuwan da na gani a gindin randa da dalilansu. Na san akwai wani farin mai da ake samu a kemis, marar wari marar ɗanɗano, ba ya danƙo, ba ya lalacewa, ba ya cutar da ciki, kuma in aka tambaye ni a yau abin da ya fi dacewa da wuƙar da ke taɓa abinci, shi zan faɗa ba tare da jinkiri ba. Da shi nake shafe wuƙaƙen gidana. Rumbunmu ya rushe tuntuni, hatsi a buhu yake kwana, kaɗanyoyin da ke kan iyakar gonakinmu yawancinsu sun zama gawayi, man kaɗen kasuwa kuma sai mutum ya yi sa'a zai samu wanda ba a gauraya ba. Ɗana ya taɓa tambayata dalilin da ba zan sayi wuƙar zamani da ba ta tsatsa in huta ba. Baffa ma kafin ya rasu yakan tsokane ni cewa na tsare wuƙar amma na hana ta aiki, tunda sau ɗaya take fita a shekara, kuma wani lokaci ina ganin yana da gaskiya.

Amma wuƙar Baba ban taɓa sa mata farin man nan ba. Inna tana wurina yanzu, ta tsufa, idonta ya yi rauni, gwangwaninta yana ƙarƙashin matashinta, kuma har yau ba ta kiran sunana. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa a gabas, nakan shiga ɗakinta da ƙaramin cokali, ita kuma tun daga jin takuna take ɗaga murya ta ce wa jikokinta, "Ku ɓoye mini man nan, mai gadon sata ya shigo." Ina iya sayen nawa, amma nata nake ɗiba, a gabanta, don in ji ta faɗa. Na san wata damina zan buɗe gwangwanin nan babu mai yi mini faɗa.